Yadda Ake Tuƙa Ƙaton Ƙarfe a MechWarrior 2, Daga Girka Wasan Har Zuwa Filin Daga

Abu biyu ne ke kashe sabon ɗan wasa a MechWarrior 2, wasan kwamfuta na tuƙa ƙaton mutum-mutumin yaƙi: zafin injinsa, da mance inda ƙafafunsa suka dosa. Wanda ya saba da wasannin harbi na yanzu yakan shiga ɗakin tuƙi da zafin nama, ya danne maɓallin harbi bai ɗaga yatsa ba, kafin ya ankara injin ya ɗauke, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili ana yi masa ruwan wuta. Daga nan sai ya ce wasan ya tsufa, ya rufe. Wannan jagorar don kada hakan ta faru da kai aka rubuta ta, domin wasan ya cancanci a ba shi lokaci.

Kamfanin Activision ne ya fitar da MechWarrior 2: 31st Century Combat a 1995, a kan kwamfutocin DOS. Tushensa wasan tebur ne mai suna BattleTech, na kamfanin FASA, wanda ya fara fitowa a 1984. A cikinsa kana tuƙa wani ƙaton mutum-mutumin yaƙi mai tafiya da ƙafa biyu, wanda ake kira BattleMech, 'yan wasa kuma su taƙaita su ce mek. Mafi ƙanƙanta tan 20 ne, mafi girma tan 100. Labarin yana faruwa ne a shekarar 3057, lokacin da ƙabilu biyu na mayaƙa, Wolf da Jade Falcon, suka gwabza a kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 15 da aka ƙulla bayan yaƙin Tukayyid na 3052. Jade Falcon na son a yi watsi da ita a ci gaba da mamayar Inner Sphere, wato yankin daulolin da ƙabilun suka kai wa hari, Ulric Kerensky kuwa, ɗan ƙabilar Wolf kuma babban shugaban ƙabilun duka a lokacin, ya tsaya a kan alkawari. Kai za ka zaɓi ɓangaren da za ka yi wa yaƙi, kowanne da jerin ayyukansa.

Mataki na farko: tayar da wasan a kwamfutar yau

Kwamfutar zamani ba ta jin yaren DOS, don haka sai an sa mata tafinta. Manhajar DOSBox ce ke wannan aikin, kyauta ce, kuma akwai rassanta kamar DOSBox Staging da DOSBox-X. Kowacce ka ɗauka za ta yi. Abin da kake buƙata daga ɓangarenka shi ne faifan wasan na asali, bugun DOS. Ka duba da kyau, domin an yi bugun Windows 95, an kuma yi wasu bugu na musamman da aka riƙa haɗawa da katunan hoto irin su 3dfx da ATI Rage da Matrox Mystique. Waɗannan sun fi wahalar tayarwa, kuma ni a ganina bugun DOS, da duwatsunsa marasa ado da sararinsa mai launi ɗaya, ya fi su kwarjini.

Ka kwafi faifan zuwa kwamfutarka a tsarin BIN da CUE. Kada ka yi ISO. Dalili kuwa shi ne kiɗan wasan, wanda Jeehun Hwang ya tsara, yana kan faifan ne a matsayin waƙoƙin CD na gama-gari, kuma tsarin ISO bayanai kawai yake ɗauka, ya bar kiɗan a baya. Wasan zai tashi, amma shiru za ka ji a fili, alhali rabin daɗinsa a wannan kiɗan yake.

Sai ka buɗe folda, a ce C:\dos, ka ajiye fayilolin faifan a wata folda, a ce C:\faifai, ka tayar da DOSBox ka rubuta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

mount c c:\dos
imgmount d c:\faifai\mw2.cue -t iso
d:
install

Idan aka tambaye ka katin sauti, ka zaɓi Sound Blaster 16. Saitin da DOSBox ke zuwa da shi shi ne adireshi 220, IRQ 7, DMA 1. Bayan an gama girkawa, ka koma C, ka shiga foldar MECH2, ka rubuta mech2. Layuka biyun farko kuma ka zuba su a ƙarshen fayil ɗin saitin DOSBox, ƙarƙashin sashen autoexec, don kada ka riƙa maimaita su kullum.

Akwai tarko ɗaya a nan wanda mutane da yawa ke faɗawa. An gina wasan ne don kwamfutar 486 mai ƙwaƙwalwar megabait 8, kuma wasu lissafe-lissafensa sun dogara da saurin na'urar. Idan ka bar DOSBox yana gudu iya ƙarfinsa, za ka ga man injin tsalle ya ƙi cika bayan ka yi amfani da shi, makamai masu linzami kuma su riƙa yin abin da ba a sa su ba. Maganin shi ne ka ƙayyade saurin. A fayil ɗin saiti ka sa core=dynamic, ka sa cycles a kan adadi tsayayye, ka fara da wajen 60000. Ctrl da F12 na ƙara sauri, Ctrl da F11 na ragewa. Ka gwada da mek mai tsalle: in ka sauka man ya soma dawowa, ka daidaita. Wasan na karɓar girman hoto uku, 320x200 da 640x480 da 1024x768, kuma na ƙarshen ya fi nuna abokin gaba daga nesa. Ka kuma kiyayi Ctrl da F9, domin wannan haɗin yana rufe DOSBox nan take ba tare da tambaya ba.

Mataki na biyu: ka je makarantar horo

Da ka zaɓi ƙabila ka rubuta sunanka, za ka ga ƙofar horon kurata. Ka shiga, ka yi darussan duka. Malamin ba shi da sakin fuska, amma abin da yake koyarwa shi ne ainihin wasan. A nan ne hannunka zai saba da maɓallai.

Lambobin saman allon madannai su ne totur: 1 tsayawa, 0 cikakken gudu, na tsakani kuma gwargwado. Backspace na sa ribas. Kibiyoyin hagu da dama na juya ƙafafu, waƙafi da aya kuma na juya ƙirji. Space harbi, Enter sauya makami. T na zagaya abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, E na kama wanda ya fi kusa, N na nuna tashar da za ka nufa, Z na jawo abu kusa, F12 na tuna maka abin da aka aiko ka yi. Idan dare ne ko ƙura ta rufe fili, L na ƙara haske, W kuma na mayar da duniya zane-zanen layi, inda launin kowane sashe na abokin gaba ke nuna yadda ya jikkata.

Shawarata ita ce ka shiga shafin saitin tuƙi ka ɗora juyin ƙirji da ɗaga saiti a kan linzamin kwamfuta, ka bar ƙafafu da totur a hannun hagu. A 1995 da sandar tuƙi aka fi bugawa, kuma wanda ke da ita zai ji daɗinta, amma linzami ya fi ta kai harbi inda ake so.

Mataki na uku: raba ƙafa da ƙirji

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne ɗaukar lokaci, kuma duk wanda ya iya shi ya iya wasan. Mek ɗinka abu biyu ne a jiki ɗaya. Ƙafafu na bin hanyarsu, ƙirji da makamai na kallon inda ka juya su. Kana iya nufar arewa kana harbin gabas. Matsalar ita ce idonka a ƙirji yake, don haka ƙwaƙwalwarka za ta riƙa gaya maka cewa inda kake kallo can kake tafiya. Sai ka ji ka yi karo da dutse, ko ka ga ka kutsa tsakiyar sansanin abokan gaba kana kallon gefe.

A saman allo akwai kamfas, kuma a jikinsa akwai alamar da ke nuna yawan karkatar da ƙirjinka ya yi daga ƙafafu. A kan rada ma akwai wani kusurwa mai siffar V da ke nuna inda kake kallo. Ka saba da satar kallon waɗannan biyun. Idan ka rikice, maɓallai biyu ne mafita. Maɓallin / na dawo da ƙirji ya daidaita da ƙafafu. M kuma na juyo da ƙafafu su bi inda ƙirji ke kallo. Na farko na gudu ne, lokacin da kake son ganin gabanka ka fice. Na biyu na farauta ne, lokacin da ka ga abin da kake so ka tunkara.

Ga atisayen da za ka yi. Ka shiga sashen Trials of Grievance, inda ake shirya faɗa nan take ba tare da labari ba. Ka ɗauki mek matsakaici kamar Stormcrow, mai tan 55, ka sa abokin gaba ɗaya tak, mai nauyi da rashin sauri. Ka sa totur a 6 ko 7, ka juya ƙirji hagu sosai, sannan ka riƙa karkata ƙafafu hagu a hankali, har ka ga kana zagaya shi alamar saitinka ba ta bar jikinsa ba. Kada ka yi harbi tukuna. Ka yi zagayen ta hagu har ya zauna maka, ka sake ta dama. Ranar da ka iya kewaya mek sau uku ba ka rasa shi a saiti ba, ka soma harbi.

Me ya sa zagayen ke aiki? Domin a wannan wasan harbi yana tafiya ne a iska, har da leza. Wanda ke gudu a gicciye yana kauce wa rabin abin da aka jefo masa. Wanda ya tsaya, ko ya tunkaro kai tsaye, komai a jikinsa yake sauka. Haka kai ma dole ka riƙa sa saitinka gaban abokin gaba kaɗan, inda zai isa, musamman da makamin PPC, wanda ƙwallon wutarsa shuɗiya ke tafiya a hankali har kana iya ganin ta tana zuwa ka goce.

Sai batun nauyi. Mek mai tan 75 kamar tirela ce da ta sha lodi: in ka sa birki sai ta ƙara taku kafin ta tsaya, in ka ba ta wuta sai ta yi nishi kafin ta ɗauka. Kuma yawan gudu na faɗaɗa kwana. Idan ƙaramin mek ya shiga bayanka yana cizonka, kada ka bi shi da cikakken totur, ba za ka taɓa kamo shi ba. Ka rage gudu ko ka sa ribas kana juyawa, sai ka ga ya faɗo gabanka da kansa.

Mataki na huɗu: zafi

Kowane harbi na ƙara wa injin zafi, haka gudu, haka tsalle. Na'urorin sanyaya da ke jikin mek na kwashe shi a hankali. A ƙasan allo za ka ga ma'auni biyu. Ɗaya na nuna yawan zafin da ya taru. Ɗayan, mai rubutun dH/dT, na nuna saurin da zafin ke hawa ko sauka a wannan lokacin. Yawancin mutane na farkon kawai suke kallo, alhali na biyun ne ke faɗa maka abin da zai faru nan da daƙiƙa uku.

Lissafin wasan tebur, wanda aka gina wannan a kansa, zai nuna maka girman matsalar. ER PPC ɗaya (ER na nufin mai dogon zango) na haifar da zafi 15. Babbar leza ta ER 12, matsakaiciya 5. Na'urar sanyaya ta ƙabilu tana kwashe 2 kacal. Warhawk, mai tan 85, yana ɗauke da PPC huɗu da na'urorin sanyaya 20. In ya saki huɗun a tare ya tara 60, ya kwashe 40, saura 20 sun zauna masa a jiki. Ya sake yi, injin ya ɗauke. Wato ko mek ɗin da masu ƙira suka fitar da hannunsu ba a yi shi don a riƙa sakin komai lokaci guda ba.

Saboda haka aka ba ka salon harbi biyu, kuma maɓallin \ ne ke sauya su. A salon sarƙa, kowane dannawa makami ɗaya ke tashi, sai na gaba ya karɓa. A salon rukuni, duk makaman da ka haɗa wuri ɗaya ke tashi tare. Ana sa makami a rukuni ta hanyar zaɓarsa da Enter, a danna Shift da 1, 2 ko 3. Ka yi wannan a daƙiƙun farko na kowane aiki, tun kafin a hango kowa. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne na nesa a rukuni na 1, na kusa a na 2, masu linzami a na 3. Idan ma'aunin zafi ya wuce rabi, ka koma sarƙa. Idan ka ga dama ta gaske, misali abokin gaba ya tsaya ko ya ba ka baya, ka saki rukuni.

In zafi ya kai maƙura, muryar kwamfutar mek ɗin za ta sanar cewa za ta kashe injin. Kana da 'yan daƙiƙu ka danna O ka hana ta. A nan ne ake gane matuƙi. Hana ta ba ya rage zafin ko kaɗan, cire kariya kawai yake yi. In ka ci gaba da harbi, harsasan da ke cikinka za su fashe, ko mek ɗin gaba ɗaya ya tarwatse. Ka danna O ne kawai in tsayawa a wurin mutuwa ce, sannan ka ɗauke yatsa daga harbi, ka nemi bayan tudu. In kuwa ka riga ka samu mafaka, S na kashe injin da hannunka, kuma a kashe ya fi saurin hucewa.

Duniyar da kake yaƙi a kanta ma tana da hannu. A farkon kowane aiki muryar nan na faɗin sunan duniyar da yanayin zafinta. Ka saurara. Mek ɗin da ya yi maka biyayya a kan ƙanƙara zai riƙa ɗaukewa a hamada, kuma tun a takardar bayanin aiki ya kamata ka ga haka ka rage leza ka ƙara sanyaya.

Makamai a taƙaice

Leza da PPC ba sa cin harsashi, zafi suke ci. Igwa da Gauss, bindigar da ke harbi da maganaɗisu, ba su da zafi sosai, amma suna da nauyi kuma harsashinsu ƙidayayye ne: Gauss tan 12 ce, kowane tan na harsashinta harbi 8 ne, igwar Ultra AC/20 kuwa 5. LRM makami ne mai linzami na nesa, sai ka kama abokin gaba da T ko E, ka riƙe saiti a kansa har alamar ta sauya ka ji ƙara, sannan ka saki, su bi shi da kansu. Streak SRM haka yake amma na kusa. Bindiga mai jigida ba ta kai nesa, sai dai a gaba da gaba tana cin sulke fiye da yadda girmanta ya nuna. Ga mai koyo, babu abin da ya kai matsakaiciyar leza ta ER: tan 1, ɓarna 7. Jera biyar ko shida a rukuni biyu, ka tara musu sanyaya, za su kai ka nesa a labarin.

Mataki na biyar: ɗakin ƙira

Kafin kowane aiki ana ba ka iyakar nauyi, kuma kana da damar shiga Mech Lab ka sake fasalin mek ɗinka. Mutum na iya shafe awa a nan bai sani ba. Ga tsarin da nake bi.

Na farko sulke. Ka cika shi, ko ka kusa cikawa, kafin ka taɓa makami. Wasu mek ɗin, irin su Mad Dog da Hellbringer, suna zuwa da makamai masu ban tsoro da sulke mai kauri kaɗan, kuma cire makami ɗaya a mayar da nauyinsa sulke na sauya su gaba ɗaya. Jikin mek sassa takwas ne: kai, tsakiyar ƙirji, ƙirjin hagu da na dama, hannu biyu, ƙafa biyu. Sassan ƙirji uku suna da gaba da baya. Ka fi ba gaba, amma kada ka bar baya tsirara, domin ƙananan mek can suke nema.

Na biyu, inda za ka sa makamai. Hannu shi ne abin da ke fara faɗuwa a faɗa, kuma duk abin da ke cikinsa tare suke tafiya. Ka sa manyan makamanka a ƙirji, ka bar wa hannuwa abin da rashinsa ba zai gurgunta ka ba. Harsashi kuma ka nisanta shi da tsakiyar ƙirji, inda injin yake. In makami ya lalace harsashinsa na nan, K na zubar da shi, don ɗaukar abin fashewa da ba za ka harba ba kasada ce kawai.

Na uku, neman rarar nauyi. Ƙashin Endo Steel na rage nauyin gangar jiki da rabi, amma yana cin gurbi 7. Sulken Ferro-Fibrous ma gurbi 7 yake ci, sai dai ribarsa ba ta kai ta Endo Steel ba, don haka in ɗaya kawai gurbinka zai ɗauka, ka ɗauki ƙashin. Injin XL rabin nauyin na gama-gari ne, amma yana miƙa sassansa cikin ƙirjin hagu da dama.

Sai injin tsalle, wanda nake ganin duk mek ɗin da zai iya ɗauka ya kamata a sa masa. Da shi ake haye tudu a ɓullo wa sansani ta inda ba a zata ba, da shi ake juyawa da sauri a sama, da shi ake fita daga kewaye. J ke kunna shi. Ka dai rage ɗan mai don sauka, ka riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan kafin ka dira, in ba haka ba ƙafafunka ne za su biya.

In kana neman mek ɗaya da za ka zauna a kansa, Timber Wolf ne, wanda hotonsa ke kan kwalin wasan. Tan 75, gudun kusan kilomita 86 a awa, sulke mai kyau. Dire Wolf mai tan 100 ya fi shi wuta, amma kilomita 54 kawai yake yi, kuma a aikin da ake tsere da agogo ko ake rakiyar ayari, wannan jinkirin na iya jawo asarar aikin duka. Firemoth kuwa yana wuce kilomita 160, sai dai harbi biyu masu kyau sun ishe shi.

Mataki na shida: cikin fili

Ka karanta bayanin aiki har ƙarshe. Akwai babban buri, akwai na biyu, wani lokaci har na uku, kuma ba kowane aiki ne na kisa ba. Wani a ce ka leƙa gini ka gano abin da ke ciki, wanda ake yi ta matsawa kusa, a kama shi a saiti, a danna I. Wani a ce ka tsare wani wuri. Mutum na iya kashe duk abokan gaba ya dawo a ce ya faɗi, saboda ya bi wani ƙaramin mek cikin kwari an rushe abin da aka ba shi amana. F3 na nuna fili daga tauraron ɗan'adam, ka duba kafin ka motsa.

Kada ka shiga tsakiyar taro. Ka tsaya a iyakar nisan makamanka, ka taɓa ɗaya, ka ja baya, su biyo ka a jere maimakon a dunƙule. Masu sauri za su riga isowa, ka gama da su kafin manyan su ƙaraso. Tudu abokinka ne: ka leƙo, ka saki rukuni, ka koma, zafi ya sauka.

Game da inda za ka nufa a jikin abokin gaba, ka zaɓi wuri ɗaya ka nace masa. Harbi goma a sassa takwas bai kashe kowa ba, goma a wuri ɗaya kuwa ya huda. Tsakiyar ƙirji kisa ne tabbatacce amma can sulke ya fi kauri. Baya ya fi taushi nesa ba kusa ba. Kai ƙarami ne, wuyar samu gare shi, sai dai sulkensa bai wuce 9 ba ko a mek mai tan 100. Ƙafa kuwa ita ce hanyar da ta fi sauƙi: in ka karya ɗaya, mek ɗin ya daina tafiya. Amma bai mutu ba, makamansa na aiki, kuma in yana da injin tsalle zai iya motsawa. Ka zagaya inda ƙirjinsa ba ya kaiwa ka ƙarasa shi, ko in lokaci ya ƙure ka bar shi nan ka wuce ga aikinka. Wasu 'yan wasa na ganin harbin ƙafa rashin jarumta ne. Ni ina ganin mai koyo ya yi amfani da shi ba tare da jin kunya ba, in hannunsa ya faɗa sai ya koma neman ƙirji.

Kai ma haka za a yi maka, don haka ka riƙa duba hoton mek ɗinka. In gefe ɗaya ya koma rawaya ko ja, ka sauya hannun zagaye, ka ba su gefen da ke da lafiya. Tsakanin harbi da harbi, lokacin da makamanka ke sake cika, kana iya kawar da ƙirji gefe don wutar ta sauka a hannu.

A wasu ayyukan ana haɗa ka da mataimaka, har biyu. B na buɗe jerin umarni. Wanda ya fi amfani shi ne a ce su hari wanda ka kama, domin mek uku a kan ɗaya na gamawa da shi cikin ƙiftawar ido. In ka sake su su yi yadda suka ga dama, sukan watse. Ka kira su su dawo sahu kafin ka matsa tasha ta gaba, kuma ka lura kada su gitta ta gaban saitinka.

Daraja da muƙami

Ƙabilun nan suna ƙyamar almubazzaranci, kuma wasan ya sa wannan a lissafinsa. Bayan kowane aiki ana ba ka makin daraja, kuma wanda ya ci nasara da nauyin da bai kai iyakar da aka ba shi ba yana samun ƙari. A shafin saiti akwai damar kunna harsashi mara ƙarewa ko jikin da ba ya jin harbi, amma wasan da kansa ya kira su abin kunya, kuma darajarka ce ke tafiya. Akwai ma damar kashe lissafin zafi. Kada ka taɓa wannan, domin in babu zafi babu MechWarrior.

Lokaci-lokaci za a kira ka gwajin muƙami. A nan ba kai ke zaɓar mek ba, wanda aka ba ka da shi za ka shiga, sau da yawa kuma abokan karawarka sun fi ka nauyi. Kayar da na farko na ɗaga ka mataki ɗaya, in ka ci gaba ka kayar da na gaba ka ƙara hawa, har zuwa muƙamin Khan, wato shugaban ƙabila, a ƙarshe. A al'adar ƙabilun ɗaya bayan ɗaya ake karawa, don haka kada harbinka ya kauce ya taɓa wanda ke tsaye yana jiran layinsa, in ba haka ba duka za su taso maka. Duk abin da ka koya a atisayen zagaye, nan ne ranarsa.

In ka gama da ɓangare ɗaya, ka buga ɗayan, domin ayyukan daban ne. Bayan su akwai ƙarin Ghost Bear's Legacy, wanda ya fito a 1995 ɗin, da sababbin mek da makamai, har da faɗa a ƙarƙashin ruwa. Sannan MechWarrior 2: Mercenaries na 1996, inda ka zama sojan haya a yankin Inner Sphere, kana biyan gyara da harsashi da albashin matuƙa daga aljihunka. Mek ɗin can ba su kai na ƙabilu ba: na'urar sanyayarsu ta farko 1 take kwashewa maimakon 2, makamansu sun fi nauyi kuma ba su kai nisa ba. Ka shiga shi da salon sarƙa tun daga aikin farko.